Makon da na zama lauyan Chadi a shari'ar auduga

Da aka raba mana takardu da safiyar Litinin, abin da na gani a saman tawa shi ne Chadi. Na leƙa ta maƙwabcina, shi Barazil ya samu, sai washe baki yake kamar wanda aka ba kujerar Makka. Mu ashirin da 'yan kai ne a ɗakin, yawancinmu lauyoyi da jami'an ma'aikatun ciniki na ƙasashe masu tasowa. An tara mu a Janiba a 2023 don mu koyi yadda ake shari'a a Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, wadda aka fi sani da WTO. Ginin yana bakin tafki, iskar da ke tasowa daga ruwan kuwa ta nuna mini cewa rigar sanyin da na saya a wurin 'yan gwanjo ado ce kawai.

Malamar tamu dattijuwa ce da ta daɗe a harkar. Ta ce ba za ta ƙirƙiro mana rikicin wasa ba. Shari'a ta gaske za mu ɗauka, wadda aka riga aka rufe, mu bi ta daki-daki tun daga takardar farko har ta ƙarshe, kowa ya tsaya a madadin ƙasar da aka ba shi. Ta zaɓi ƙarar da Barazil ta kai Amurka a kan tallafin auduga.

Gabana ya ɗan faɗi da na ji an ce auduga. Ni ɗan Funtuwa ne, da kuɗin auduga aka biya mini makaranta har na gama sakandare. Na san ƙaiƙayin da take sa wa mutum a wuya ranar tsinka, na kuma san yadda fuskar Baba take komawa idan aka dawo daga awo aka ce farashi ya faɗi. Ban taɓa tunanin cewa wata doka da 'yan majalisa suka yi a Washinton tana da hannu a wannan fuska ba. Kada dai in yi ƙarya, ba Amurka ce kaɗai ta durƙusar da audugarmu ba. Masaƙun Kaduna da Kano da suka mutu, rashin wuta, atamfar fasa-ƙwauri da rashin iri mai kyau, duk namu ne na cikin gida.

Matakin farko zaman tuntuɓa ne. Ƙasar da ke ƙorafi za ta rubuta wa ɗayar, a zauna a ga ko za a daidaita, kuma sai kwana 60 sun wuce ba a daidaita ba take da ikon neman a kafa kwamitin sauraron ƙara. Barazil ta aika tata takardar a watan Satumba na 2002. Mu wannan ɓangare minti arba'in ya ɗauke mu. 'Yan Barazil da 'yan Amurka suka yi ta murmushin diflomasiyya, aka tashi ba a cimma komai ba, kamar dai yadda ta kasance a zahiri.

An kafa kwamitin a Maris na 2003. Mutum uku ne, kuma ba alƙalan dindindin ba ne, kowace shari'a da nata ukun. A nan ne Chadi da Jamhuriyar Benin suka shigo, amma ba a matsayin masu ƙara ba. Akwai wata kujera da dokar ta tanada wa ƙasar da abin ya shafa: ta miƙa bayani a rubuce, a ba ta dama ta yi magana a zama guda, shi ke nan. Ni dai a raina na raɗa wa kujerar suna 'yar rakiya.

A daren na zauna a masauki na rubuta shafi biyu da nake ji da su. Na kawo manoman kudancin Chadi, yankin Mundu, inda auduga take ci da gidaje. Na kawo rahoton da ƙungiyar Oxfam ta fitar a 2002, wanda ya ce manoman audugar Amurka kimanin 25,000 sun sami tallafin dala biliyan 3.9 a kaka ɗaya. Da gari ya waye na tashi na karanta da murya mai ban tausayi, har wata 'yar Asiya da ke zaune a gefe tana gyaɗa kai. Malamar ta bari na kai aya, sannan ta ce, "Na ji wahalar. Wane sashe na wace yarjejeniya aka karya?"

Na yi tsuru-tsuru. Kwamitin ba ya auna tausayi. Abin da ake so ka nuna shi ne cewa tallafin ya danne farashin auduga a kasuwar duniya danniya mai yawa, kamar yadda sashe na 5 da na 6 na yarjejeniyar tallafi suka faɗa, kuma ka nuna da lissafi cewa tallafin ne sanadi, ba faɗuwar buƙata ko yawan amfanin gona a wata ƙasa ba. Wannan aikin masana tattalin arziki ne da lauyoyin da ake biya da dala kowace awa. Barazil tana da su, manyan manomanta ma sun sa hannu a aljihu. A nan na fahimci dalilin da ya sa ƙasashen da auduga ta fi zame wa rai, wato Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali, suka fi bin hanyar siyasa, suka kai kukansu taron ministocin WTO na Kankun a 2003. Akwai wata cibiya a Janiba da aka kafa a 2001 don taimaka wa ƙasashe marasa ƙarfi da lauyoyi a kan kuɗi kaɗan, amma ko da an ba ka lauya kyauta, sai kana da zuciyar maka wanda yake ba ka agaji a kotu.

Ranar Laraba da safe hukunci ya fito. Kwamitin ya ba Barazil gaskiya a Satumba na 2004, Amurka ta ɗaukaka ƙara, kotun sama ta tabbatar da mafi yawan hukuncin a Maris na 2005. Akwai wata dabara a tsarin da ta burge ni: ba a neman kowa ya yarda kafin hukunci ya hau. Sai dai idan kowa da kowa, har da wanda ya ci shari'ar, sun haɗu sun ce ba sa so, sannan zai faɗi. Wato wanda aka kayar ba shi da ikon toshewa. Muka tafa, ɗan Barazil ɗin nan har da miƙewa tsaye.

Malamar ta jira hayaniya ta lafa, ta ce, "Yanzu muna 2005. An rufe wannan fayil a 2014. Wa zai faɗa mini abin da aka yi a shekara tara?"

A nan ne horon ya fara da gaske. Ni da na saba da kotunanmu, inda in an yanke hukunci akwai ma'aikacin kotu da zai je da 'yan sanda ya kwashe kaya a yi gwanjonsu, sai na ga a nan babu ɗan sanda, babu gidan yari, babu tara. Abin da hukunci yake cewa kawai shi ne ƙasa ta gyara dokarta ta dace da alkawarin da ta ɗauka. Ana ba ta wa'adi, a yawancin shari'u ba a so ya wuce wata 15. Ɓarnar da aka yi a baya kuwa ta bi ruwa, ba a biyan diyyarta. Manomin da ya sayar da audugarsa da asara a 2001 babu wanda zai mayar masa da ko sisi.

Amurka ta taɓa wasu abubuwa. Ta soke wani shiri da ke biyan masaƙunta da masu fitar da kaya don su sayi audugar gida, a 2006, ta kuma yi wa shirin lamunin fitar da amfanin gona kwaskwarima. Manyan kuɗaɗen da ke shiga hannun manoma dai suna nan. Barazil ta ce ba a cika hukunci ba. To wa zai raba gardama? Wani kwamitin kuma. Ya fitar da rahotonsa a Disamba na 2007, aka sake ɗaukaka ƙara, aka sake ba Barazil gaskiya a Yuni na 2008. Daga nan aka koma wani zaman don a ƙayyade yawan ramuwar da Barazil za ta iya yi, wanda ya ƙare a Agusta na 2009. Ina bin kwanakin a takarda ina lissafa kakar auduga nawa ta wuce a Funtuwa. Na tuna da maganar mutanenmu cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ramuwa ita ce sandar ƙarshe. Ana ba wanda ya ci shari'a izinin ƙara harajin kwastam a kan kayan wanda ya ƙi bin hukunci, gwargwadon asarar da yake yi. Malamar ta ce kowace tawaga ta rubuta jerin kayan da za ta ɗora wa haraji. 'Yan Barazil ba su ɓata lokaci ba, don jerin gasken yana nan. A 2010 Barazil ta sanar da ramuwar da ta kai dala miliyan 829, ta lissafa kayayyaki sama da 100, har da alkama da motoci da kayan kwalliya. Abin da ya fi tayar da hankali a Amurka shi ne izinin da ta samu na taɓa haƙƙin mallakar fasaha, wato magunguna, finafinai da waƙoƙi. Da kamfanonin magani suka ji za a taɓa tukunyarsu saboda rigimar manoman auduga, nan da nan aka sami hanyar zama.

Ga yadda aka daidaita. Amurka ba ta janye tallafin nan take ba. Sai ta yarda ta riƙa biyan dala miliyan 147.3 kowace shekara ga wata cibiyar auduga ta Barazil, har zuwa lokacin da za ta sake dokar nomanta. A Oktoba na 2014 aka rufe maganar da biyan dala miliyan 300 a dunƙule. Na karanta wannan shafi sau biyu don in tabbata ba idona ne ke gizo ba. Ƙasa tana ba manomanta tallafin da aka ce ya saɓa ƙa'ida, maimakon ta daina, sai ta ƙara da tallafa wa manoman wanda ya kai ta ƙara. Shari'a saɓanin hankali.

Chadi fa? 'Yar rakiya ba ta da haƙƙin ramuwa, ba ta da kaso a sulhu. An dai amince a yi amfani da wani ɓangare na kuɗin wajen ayyukan haɗin gwiwa da ƙasashen Afirka, amma wannan alheri ne daga Barazil, ba haƙƙi ba.

Malamar ba ta ƙyale ni ba. Ta ce in ɗauka Chadi ce ta shigar da ƙarar da kanta, ta ci, aka ba ta izinin ramuwa. Me zan sa wa haraji? Na zauna da farar takarda kusan minti goma. Duk abin da na tuno, ko injin ne ko magani ko kayan aikin haƙar mai, talakan Chadi ne zai ji a jikinsa in ya yi tsada, a Amurka kuwa ko tari ba za a yi ba. Sai ta ba mu labarin Antiguwa, ɗan tsibirin da mutanensa ba su kai 100,000 ba, wanda ya kai Amurka ƙara a 2003 a kan cacar intanet. Ya ci a 2005. Ya nemi ramuwar dala biliyan 3.4, aka ƙayyade masa miliyan 21 a shekara, aka kuma ba shi cikakken izini a 2013 ya taɓa haƙƙin mallakar fasahar Amurka. Izinin yana hannunsa, amma ya kasa ɗaga sandar, don masu yawon buɗe ido da ke ciyar da tsibirin daga can suke zuwa.

Don adalci, ba haka take ƙarewa kullum ba. Tun 1995 an shigar da ƙararraki sama da 600, da yawa an sasanta su tun a zaman tuntuɓa, kuma mafi yawan hukuncin da aka yanke an bi su. Kostarika, 'yar ƙaramar ƙasa, ta kayar da Amurka a kan kamfai da singileti a 1997. A Disamba na 2003 Shugaba Bush ya janye harajin ƙarafa, amma fa bayan Tarayyar Turai ta nuna masa jerin kayan da za ta rama a kansu, har da lemon jihar Fulorida, jihar da kowa ya san muhimmancinta a zaɓe. Abin da na lura shi ne, idan dokar da aka ƙalubalanta ba ta da masu gida a majalisa, ana gyara ta cikin ruwan sanyi. Idan tana da su, sai dai in mai ƙara yana da abin da zai ciza da shi.

Ranar Alhamis wakilan ƙasarmu suka shiga da ni zaman majalisar warware saɓani ta WTO, wadda take zama kusan kowane wata. Na zauna a kujerar baya da abin fassara a kunne. Farkon ajanda rahotanni ne na ƙasashen da ba su gama cika hukunci ba. A ciki akwai wata shari'a da aka yanke tun 2000, kan dokar Amurka da ta yafe wa wasu gidajen abinci da shaguna biyan kuɗin waƙoƙin da suke kunnawa. Wakili ya karanta 'yan layuka cewa gwamnati na ci gaba da tuntuɓar majalisa, ɗaya ɓangaren ya ce ya ji, aka wuce. Wanda ya kawo ni ya raɗa mini cewa ya haddace layukan.

Can gaba sai aka zo kan batun da kowa yake jira, ko da yake kowa ya san amsarsa. Wani wakili ya yi magana a madadin ƙasashe sama da 120, yana roƙon a fara naɗa alƙalan kotun ɗaukaka ƙara. Amurka ta ce ba za ta goyi baya ba. Aka rubuta, aka wuce.

Kotun nan kujeru bakwai gare ta, uku ke zama a kan kowace ƙara. Amurka ta fara hana sabunta wa'adin wani alƙali ɗan Koriya ta Kudu a 2016, zamanin Obama, sannan gwamnatin Trump ta toshe duk wani sabon naɗi. A Disamba na 2019 saura alƙali ɗaya, ita ma wa'adinta ya ƙare a Nuwamba na 2020. Ƙorafin Amurka shi ne kotun tana wuce gona da iri: tana ƙetare wa'adin kwana 90, alƙalan da wa'adinsu ya ƙare suna ci gaba da shari'u, tana mayar da hukuncinta na baya tamkar doka, tana ɗora wa ƙasashe abin da ba su sa hannu a kai ba. Da na karanta wasu daga cikin hukunce-hukuncen, na ga ba duka maganar ce son zuciya ba. Amma wanda rufin ɗakinsa ke yoyo ba ya cinna wa gidan wuta.

Illar ita ce, haƙƙin ɗaukaka ƙara yana nan a doka, kotun ce babu. Duk wanda aka kayar sai ya miƙa takardar ɗaukaka ƙara, hukunci ya tsaya cak, kamar an jefa shi a rijiya gaba dubu. Amurka ta yi haka a Janairu na 2023 a kan harajin ƙarafa da alminiyum. Indiya ta yi a kan tallafin sukari. Maroko ta yi wa Tunisiya a rigimar littattafan rubutu na 'yan makaranta. Indonesiya ta yi bayan an ce hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel ya saɓa ƙa'ida. Wannan ta ƙarshen ta raba mini hankali biyu, don abin da Indonesiya ke so, wato a sarrafa arzikinta a gida kafin a fitar, shi muke ta fata. Da na ji Nijeriya ta dakatar da fitar da ɗanyar kaɗanya a Agusta na 2025, Indonesiya ce ta fara faɗo mini a rai.

Wasu ƙasashe, ciki har da Tarayyar Turai, Sin, Kanada da Barazil, sun yi wa kansu rumfar wucin gadi a Afrilu na 2020: sun yarda a tsakaninsu cewa masu sulhu za su saurari ɗaukaka ƙara, kuma kowa zai karɓi sakamako. Benin ma ta shiga. Shari'ar farko da aka yanke a ƙarƙashinta ta soyayyen dankalin turawa ce mai ƙanƙara, tsakanin Turai da Kolombiya, a Disamba na 2022. Amurka da Indiya ba sa ciki.

Ranar Juma'a aka ce kowa ya rubuta gyaran da yake so a yi. A lokacin ana ta zumuɗi, don a taron ministoci na Yuni na 2022, ƙarƙashin jagorancin shugabar WTO, Ngozi Okonjo-Iweala, an yi alkawarin samar da cikakken tsari mai aiki kafin 2024 ta ƙare. Kusan kowa a ɗakin maganar farfaɗo da kotun sama ya rubuta. Ni kuwa farar takardar ranar Laraba ce ta tsaya mini a rai. Lokacin da aka yi shari'ar auduga kotun tana raye da lafiyarta, alƙalai bakwai cif, amma me manomin Mundu ya samu? Na rubuta abu biyu: a riƙa biyan diyya da tsabar kuɗi ga ƙasa mara ƙarfi idan an ƙi bin hukunci, kuma a bar ƙasashe su haɗa kai su rama mata. Na miƙa ina jin kamar na gano sabuwar rijiya. Malamar ta karanta, ta yi murmushi, ta ce ƙungiyar ƙasashen Afirka ta gabatar da kusan wannan shawara tun 2002. Tana nan a fayil.

A wurin shan shayi wani ɗan Nijar da ke cikinmu, Bahaushen Maraɗi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, duk makon nan kana ta kukan Chadi. Da kuka rufe mana iyaka daga Agusta na 2019 har Disamba na 2020, wace kotu muka je? Albasarmu a bakin Jibiya da Illela ta ruɓe." Na buɗe baki zan kawo maganar shinkafar fasa-ƙwauri, sai na ji muryata ta yi kama da ta wakilin da na saurara jiya, na yi shiru na kurɓi shayina. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, mai hedikwata a Akara, kusan kwafin wannan tsari na Janiba ta ɗauka, da tuntuɓarsa, da kwamitinsa, da kotun samansa, da ramuwarsa. Ranar da Nijar za ta kayar da Nijeriya a can, ita ma farar takarda za a miƙa mata.

Shekarar 2024 ta zo ta wuce, an yi taron ministocin WTO a Abu Dabi, kujerun nan bakwai suna nan babu kowa.

Da na je gida hutun sallah, na sami Baba a zaure bayan la'asar, na ba shi labarin tun daga farko, ina sauƙaƙa masa inda ya yi tsauri. Ya daɗe da barin auduga, masara da waken suya yake yi yanzu. Ya saurara har na gama, yana jan carbinsa.

"To su mutanen Chadin, an biya su?"

"A'a, Baba. Barazil aka biya."

"Ita Barazil ɗin talaka ce?"

Na ce masa tana cikin manyan masu fitar da auduga a duniya. Ya ɗan yi shiru, sannan ya tambaye ni ko a can Janiba na ji an yi maganar farashin taki.